Ranar da Aka Raba Masu Sulhu a Maradun

Ni malamar ƙananan yara ce, irin waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu a taron malamai. A firamaren da nake koyarwa a Talata Mafara ajina ne na can ƙarshe, kusa da rijiya, inda ake zuba yaran da ba su isa aji ɗaya ba amma sun isa su hana iyayensu mata sakat a gida. Rabin aikina koya musu a, ba, ca. Ragowar kuwa share majina, ɗaura wando da raba faɗa a kan takalmi. Duk sanda aka tashi zancen ƙarin girma sai a juyo a ce da ni, "Malama, ai ke Allah ya ba ki haƙuri," sai ka ce haƙuri wani mataki ne a aikin gwamnati.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta sauka da shirin koya wa mutanenmu zaman lafiya da tarbiyyar yara. Kowa ya san halin da dajinmu yake ciki, ba sai na maimaita ba. A ajina kaɗai akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyuka da tabarma da tukunya. Ƙungiyar tana neman mutum uku: mai koyar da zaman lafiya, mai koya wa iyaye tarbiyya, da mai riƙe yara a waje don kada kukansu ya hana a ji darasi. Ta ukun ba a sha wahalar nemanta ba.

Mai koyar da zaman lafiyar kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ya yi ritaya daga aikin magatakarda a kotu, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta rigimar mutane, har ta kai in bai ji ana gardama ba tuwo ba ya yi masa daɗi. Aka kai shi bita Gusau, ya dawo da satifiket, da wata falmaran mai aljihu barkatai, da kalmomi sababbi fil. Ya daina cewa faɗa, sai "saɓanin fahimta". Ya daina cewa abokin gaba, sai "ɗaya ɓangaren". Ɗaya ɓangaren nasa kuwa duk unguwa ta san shi: maƙwabcinsa ne na jikin katanga, wanda indararonsa ke zubo ruwa a tsakar gidan Kawu duk damina. A kan indararon nan an je gaban mai unguwa, an je gaban hakimi, an je kotun da Kawu ya yi wa aiki. Kawu yakan tsallake masallacin ƙofar gidansa ya tafi na bakin kasuwa don kada sahu ya haɗa kafaɗarsa da ta mutumin.

Mai koyar da tarbiyya kuma Hajiya ce, wadda take shugabar makarantarmu tun ina ƙarama, ita ce kuma ta tsaya aka ɗauke ni aiki da na gama kwalejin horon malamai. Duk wanda ya yi firamare a hannunta ya san tsumagiyarta. A bokitin ruwa take jiƙa ta a bayan ƙofar ofis don kada ta karye da wuri. Ita ma an kai ta bitar, ta dawo da labarin cewa ba a dukan yaro. In ya yi laifi, durƙusawa ake yi daidai tsayinsa, a dube shi ido cikin ido, a tambaye shi abin da yake ji a ransa. Ita dai ba ta durƙusawa saboda ciwon gwiwa. Ni take kira in nuna.

Akwai kuma jami'in shirin, wani mutum mai ladabi daga ofishin ƙungiyar, wanda kunnensa ba ya rabuwa da waya. Aikinsa ya tabbatar an ɗauki hoto, an kuma raba shinkafa a roba.

A nan Mafara muka fara, a babban ɗakin wata makaranta. Ni ina baranda da yara, taga a buɗe, ina jin komai. An tsara Kawu ya yi darasinsa da hantsi, Hajiya ta biyo baya. Darasin Kawu na ranar a kan sauraro ne. Ya zo da wata sanda gajera, an goge ta sumul an naɗe kanta da zare ja da kore, ya ce sunanta sandar magana. Wanda take hannunsa shi kaɗai ke magana, sauran su yi shiru su saurara da zuciya ɗaya, in ya gama ya miƙa wa na gaba. Mutane suka yaba. Wani tsoho ya ce da ana da irinta a gidansa da ya huta.

Abin da ba a faɗa ba shi ne sandar ba ta barin hannun Kawu. Ya yi bayanin sauraro da kunne, da sauraro da ido, da sauraro da gaɓoɓi. Ya kawo shari'o'in da ya gani a kotu ɗaya bayan ɗaya, har da ta jakin da aka yi aron sa ya mutu a hanya. Wata mata ta ɗaga hannu, ya nuna mata sandar, ta sauke. Rana ta take. Mata suka fara zamewa biyu-biyu, kowace ta zo ta zare ɗanta daga hannuna ta ce ta bar tukunya a wuta. Aka kira azahar yana cikin bayanin illar katse mutum.

Da aka dawo daga salla matan da suka rage ba su cika tabarma biyu ba. Hajiya ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta yi gaisuwa mai tsawo kamar babu abin da ya faru. Sannan ta ce za ta fara da tarbiyyar baki.

"Ku koya wa ɗiyanku yin shiru tun suna ƙanana," in ji ta. "Yaron da ba a koya mai aje magana ba, shi na girma ya yi gemu, a ba shi hantsi ya haɗa da azahar."

Ba ta dubi kowa ba. Mata suka rufe baki da gefen mayafi, mazan da ke baya suka yi dariya a fili. Kawu ma ya yi murmushi, irin wanda na san yana yi in mai indararo ya wuce.

Daga ranar suka daina magana da juna, ni kuma na samu aiki na biyu. A motar ƙungiya Kawu ne a gaba kusa da direba, ni da Hajiya da jami'i a baya. Tafiyar Bakura ba wata nisa ba ce, amma saƙon da na isar a hanyar ya fi na gidan waya.

"Ɗiyata," in ji Kawu, bai waiwayo ba, "ki shaida wa ɗaya ɓangaren cewa gilashin wajenta na kawo mini iska a wuya."

"Malama," in ji Hajiya, "ki gaya wa kawunki wanda ya zaɓi gaba ya zaɓi iskarta."

Nakan ce "to" ga kowanne in yi shiru, don duk sun ji juna. Jami'i yana waya yana gaya wa ofis cewa tawaga tana aiki cikin haɗin kai.

A Damri, can ƙasar Bakura, ranar kasuwa aka sa taron, wai don a samu jama'a. An samu, amma kowa rabin hankalinsa na wajen buhunan da ya bari. Wannan karon jami'i ya ce Hajiya ta fara. Ta zo da sabon darasi: in yaro ya ƙi jin magana, kada a taɓa shi, a zaunar da shi a kusurwar ɗaki shi kaɗai ya yi tunanin laifinsa. Sunan wurin kusurwar tunani. Ta kira ni daga cikin yara na shigo na durƙusa, na nuna yadda ake kallon yaro ido cikin ido, da buta a matsayin yaron.

Wata mata mai goyo ta ɗaga hannu. Ta gaida Hajiya, ta tambayi gida da gajiya da hanya, sannan ta ce:

"Hajiya, ni nawa laifinsa ƙin zuwa ɗibar ruwa. In na zaunar da shi inuwa ya yi tunani, wa ka ɗebo ruwan?"

Hajiya ta ce ai daga baya zai je da kansa, don tunanin ya shige shi. Matar ta ce, "To, Allah shi sa," da muryar wadda ta san ɗanta. Wata kuma ta ce ɗakinta zagayayye ne, ba shi da kusurwa. Hajiya ta fara ɗaukar zafi, ta ce abin da ake so a gane shi ne duka ba ya gyara yaro, ita ta ga haka da idonta a shekarun da ta yi tana shugabancin makaranta.

A nan ne Kawu ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa. Ya ɗaga sandarsa, wato yana da izinin magana.

"Gaskiya Hajiya ta faɗa," in ji shi, "kuma a kan duka babu wanda ya kai ta sani. Ga shaida nan durƙushe gabanku. Ɗiyata, tashi ki gaya wa jama'a da mi anka tarbiyyantar da ku."

Ina durƙushe gaban buta, kawuna a dama, wadda ta sama mini aiki a hagu. A bayan ƙafata har yau akwai wani siririn tabo da na samu ranar da na kasa haddar jadawalin lissafi na bakwai. Na miƙe na ce Hajiya ta koya mana karatu, kuma duk wanda ya bi ta hannunta bai manta ba. Wani magidanci daga baya, ashe a Mafara ya yi firamare, ya ce, "Wallahi ba mu manta ba," yana shafa cinyarsa. Aka fashe da dariya. Hajiya ta tattara takardunta ta ce darasi ya ƙare.

A hanyar dawowa ba ta ba ni saƙo ko ɗaya ba. Da muka sauke ta a ƙofar gida ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kin yi ƙoƙari. Amma ki gaya wa kawunki akwai Maradun."

Ban gaya masa ba. Na je wajen mahaifiyata na roƙe ta ta ja kunnen ƙanenta. Tana tsince zogale, ba ta ko ɗago ba, ta ce tun yana yaro in aka raba musu hoce, wainar dawar nan, sai ya auna na kowa da nasa, kuma ita ta gaji da shi tun kafin a haife ni.

Taron Maradun shi ne babba, don shi ne na manoma da makiyaya, kuma hotunansa ake jira a ofis. Muka yi sammako saboda direba ya ce ko ana ruwan wuta shi ba ya kai la'asar a hanyar. An shirya a ƙarƙashin wata rumfa a harabar makaranta, kujerun manoma a gefe, na makiyaya a gefe, an bar fili a tsakiya inda za a haɗa su su yi musabaha a ƙarshe. Sai ga su sun sauko daga a-kori-kura ɗaya, suna ɓara wa juna goro. Ardon makiyayan, wani dogon tsoho mai malfa, shi ya riƙo hannun dattijon manoman ya sauko da shi, don ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Shanun ardon a gonar dattijon suke kwana bayan girbin gero tun zamanin iyayensu. Sai da jami'i ya yi ta roƙo kafin suka yarda suka rabu, kowa ya koma ɓangarensa, domin hoton farko ya nuna yadda ake kafin a yi musu darasi. Waɗanda suke faɗan na gaske suna can daji da bindigogi, kuma ban ji an aika musu da goron gayyata ba.

Ni kuwa aka ba ni gindin wata bishiyar bedi da yara. Na fitar da alli da ƙwallon tsumma, na fara musu waƙar ƙirga. Ba su kula ni ba. Suna da wasansu. Suka tsinto karan dawa, suka rabu gida biyu, waɗansu suka hau kara kamar babur suna ƙugi da baki, waɗansu suka kwanta a bayan tushen bishiya. Masu babur suka zo suka kama ƙananan, suka ɗaure musu ido da ɗankwali, suka kai su bayan aji. Wata yarinya da ba ta wuce shekarun 'yan ajina ba ta kara tsinken kara a kunne tana cewa a kawo abin da aka ce kafin Jumma'a. Babu mai dariya a cikinsu, kowa ya san aikinsa. Na raba faɗan yara iri-iri a rayuwata, amma wannan ban san ta inda ake kama shi ba, don ba faɗa suke ba.

Da aka yi ɗan hutun shan ruwa na je na sami Kawu na gaya masa. Ya saurare ni, abin da ba ya yawan yi, sannan ya ce in koya musu waƙar zaman lafiya. Na tambayi Hajiya, ta ce in durƙusa in tambaye su abin da suke ji a ransu. Na koma na zauna a tushen bedi, na ɗora mafi ƙanƙantarsu a cinya na kwance mata ɗankwalin daga ido. Iyakar abin da na iya ke nan.

Daga nan nake hango rumfa. Kawu ya ci rabin darasinsa, yana bayanin cewa maƙwabci madubi ne, in ka yi masa murmushi zai mayar maka. Ya ce duk rigimar duniya daga ƙaramin abu take farawa, kuma mai hankali shi ne ke fara miƙa hannu. Don ya nuna adalci, da yake kuma jami'i ya ja masa kunne tun a mota, ya ce yanzu zai zagaya da sandar magana. Ya ba ardo, ardo ya yi godiya ya miƙa wa na kusa da shi. Sanda ta bi hannu-hannu, kowa ya ce Allah ya ba mu lafiya, har ta zo kan Hajiya da ke zaune a bakin rumfa. Kawu ya miƙo hannu zai karɓe ta kafin ta isa gare ta, amma Hajiya ta riga shi.

Ta miƙe da sandar. Ta gaida ardo da jama'arsa, ta gaida manoma, ta tambayi damina da dabbobi. Sannan ta ce tana da tambaya ga malam, tunda ya ce maƙwabci madubi ne.

"In indararon maƙwabci na zuba gidanka, Malam, murmushi aka yi mai, ko kotu aka kai shi? Kuma wane masallaci ya kamata mutum shi yi salla, na ƙofar gidansa ko na bakin kasuwa?"

Kawu ya ce wannan ba ya cikin darasi. Hajiya ta ɗaga sandar ta ce ita ke da magana, shi sauraro ne nasa, da kunne da ido da gaɓoɓi. Ta ci gaba da ba da labarin indararo tiryan-tiryan, har da shekarar da Kawu ya toshe shi da siminti da asuba ruwa ya koma ya rusa wa maƙwabcin rufin ɗaki. Kawu ya matso ya kama ƙarshen sandar ya ce lokacinta ya cika. Ta ce bai cika ba. Ya ja. Ta ja.

Ban taɓa zaton Hajiya na da ƙarfi haka ba, ko da yake hannun dama ne, wanda ya sha motsa jiki. Dattijo da dattijuwa, shi da falmaran ita da mayafi mai tsada, suna jan sanda a filin da aka bari don musabaha. Hular Kawu ta faɗi. Zaren ja da kore ya warware ya naɗe musu yatsu. Jami'i kuwa yana bayan aji yana neman inda waya ke kamawa. Yarana suka watsar da karansu suka zo suka yi layi suna kallo, lokacin ne kaɗai na ga sun yi shiru ba tare da na roƙa ba.

Ardo ne ya fara tashi, dattijon manoma ya bi shi yana ɗingishi. Ardo ya sa hannu a tsakiyar sandar ya murɗe ta sau ɗaya, irin murɗar wanda ya saba da ƙahon sa, sai ga ta a hannunsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Kawu a wannan gefe, aka kawo wa Hajiya kujera a wancan saboda gwiwa. Manoma da makiyaya suka jawo kujerunsu suka kewaye su, duk tsarin jami'i ya rushe. Wani ya ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, aka ce masa ya yi shiru, ana sulhu.

Kuma sun ji daɗin sulhun nan, ba zan ɓoye ba. Mutanen da aka tara tun safe ana koya musu yadda ake gaida maƙwabci sun samu abin yi. Aka sa kowanne ya faɗi ta bakinsa daga farko. Aka koma Mafara, aka bi ta Damri, aka tambayi faɗin indararon da tsawonsa. Da aka ji ni ɗiyar wannan ce kuma ɗalibar waccan, aka kira ni shaida. Ardo ya miƙo mini sandar ya ce in faɗi abin da na sani. Karo na farko ke nan da ta zo hannuna. Na dubi Kawu, na dubi Hajiya, na ce shinkafa tana hucewa. Aka ce wannan yarinya tana da hankali.

Wajen yanke hukunci aka samu matsala. Ardo ya ce namiji ne zai fara ba da haƙuri, don shi ya fara kama sanda a hannun mace. Dattijon manoma ya ce a'a, wadda ta tono asirin gida a bainar jama'a ita ce da fara roƙo. Ardo ya ce a wajensu ba a haka. Dattijo ya ce ai nan ba ruga ba ce. Murya ta fara tashi, mutanen kowane ɓangare suka fara gyara zama a bayan nasu. Iyakar saɓanin manomi da makiyayi da na gani a ranar ke nan, kuma mu muka kawo shi daga Mafara a mota. Allah ya taimaka wani liman da ke cikin taron ya ce su faɗa tare. Aka ƙirga musu, Kawu ya ce a yi haƙuri yana kallon rumfa, Hajiya ta ce ya wuce tana kallon takalminta. Aka shafa fatiha.

Daidai nan jami'i ya dawo. Ya ga manoma da makiyaya a cakuɗe, hannuwa a sama ana addu'a, ardo da dattijo kafaɗa da kafaɗa. Ya yi ta ɗaukar hoto har yana hawa kujera.

Muka kamo hanya a mota har muka iso gonakin shinkafar da ke shan ruwan madatsa. Jami'i ya kashe wayarsa, abin da ban taɓa gani ba, ya tambaya yaya aka yi mutanen suka haɗu haka da kansu. Direba ya buɗe baki zai ba da labari. Kawu ya riga shi. Ya juyo gaba ɗaya, ya dubi Hajiya kai tsaye, karo na farko tun Mafara.

"Hajiya, ashe wasan da munka shirya ya yi kyau."

Na ga Hajiya tana auna abin: ko ta ƙaryata shi ta tona kanta, ko ta gaskata shi ta tsira tare da shi.

"Awo, Malam, ya yi kyau," in ji ta. "Sai dai ka ja da ƙarfi, ba haka munka yi da kai ba."

Kawu ya bayyana wa jami'i dabarar: malamai su yi kamar sun saɓa, domin mahalarta su tashi su yi sulhu da hannunsu, su koya a aikace. Ya ce sun ɓoye masa ne don abin ya zo da gaske. Hajiya ta ƙara da cewa haka ake yi wa yara ma. Jami'i ya kunna waya ya kira ofis tun kafin su rufe baki. Direba ya dube ni ta madubi, na dubi gonakin shinkafa.

Dabarar ta karɓu. Ba a jima ba aka fara kiran Kawu da Hajiya Gusau su koya wa masu koyarwa, aka sa su a rediyo suna yabon juna, shi yana ce mata uwar tarbiyya, ita tana ce masa dattijon sulhu. Ni ma an ba ni satifiket, an rubuta mai taimakawa. Abin da ba su hango ba shi ne ofis ya sa dabarar cikin tsarin kowane taro. Duk garin da aka je sai sun ja sanda.

Fitata ta ƙarshe da su Ruwan Gizo ce, kafin hutun makaranta ya ƙare in koma ajina. Sun gwada abin a gida, sun san inda kowa zai tsaya. Hajiya ta yi tambayar indararo, wanda yanzu aka mayar na wani mutum a wani gari. Kawu ya ce lokacinta ya cika, ya cire hularsa da kansa ya ajiye a kan tebur don kada ta yi ƙura, ya kama sanda. Suka fara ja, suna satar kallon jama'a.

Babu wanda ya motsa. Mutanen Ruwan Gizo sun yini a gona jiya, yau an ba su inuwa da abin kallo. Wani saurayi ya yunƙura, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta riƙe masa riga ta ce, "Bar su, in sun gaji su aje." Suka yi ta ja. Gumi ya jiƙa falmaran, Hajiya ta fara haki. Da Kawu ya ga ba mai zuwa sai ya sassauta hannu don a gama, ita kuwa ba ta sani ba, ta fizga, ya taho ya dafa tebur da ƙyar.

Ya tsaya ya mayar da numfashi, ya sa hularsa, ya tambayi jama'a, kamar yadda tsari ya ce, wane darasi suka ɗauka daga abin da suka gani. Tsohuwar ta ɗaga hannu, aka kai mata sanda, ta riƙe ta da hannu biyu cikin girmamawa.

"Allah shi gafarta malam," in ji ta, "mun gane Hajiya ta fi ka ƙarfi."

Hajiya ta gyara mayafinta, ta kira ni ta ce in an zo rabo a ƙara wa tsohuwar nan shinkafa.